Ƙwaryar Baffa Ja'e a Ɗakin Hoto

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, ranar da langar maigadi ta yi tartsatsi a ofishina. Tunda ku sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar ƙwaryar nan da ke kan kabad kusa da rigar darma, har ɗayanku yana zolayata wai ko ta surkulle ce, to ku zauna ku ji. Ba ta surkulle ba ce. Amma sai na faro daga tushe, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Sunana Isiya, ko da yake a asibitin nan ba mai kirana sai da Malam Isiya mai haske. Na shiga aiki ina mataimakin mai ɗaukar hoto, na koma makaranta, na dawo cikakken ma'aikacin hoto, aka yi ta yawo da ni gari-gari har aka ajiye ni a nan yankin Kankiya. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu ɗaukar hoton cikin jiki, wanda ake ce wa eksire. Likita ya rubuto, mu tsayar da majinyaci gaban na'ura, mu koma bayan bango mu danna. Bangon akwai darma a cikinsa, ƙofar ma haka, rigar da muke sawa kuwa nauyinta kamar ka goya yaro. A ƙirji muna maƙala wani ɗan bajo mai tara lissafin hasken da ya taɓa mu, lokaci-lokaci a karɓa a kai a auna.

Saboda haka ne ake gina ɗakinmu can ƙarshen baranda, gab da katanga, da jar fitila a saman ƙofa da alamar nan mai fuka-fuki uku. Mutanen ƙauye in sun zo sai su tsaya nesa suna leƙe. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne 'yan'uwana ma'aikata. Da azahar mazan asibitin nan sukan haɗu gindin darbejiya su ci abinci a tire ɗaya. Da na zo sabo na je na zauna, kuma wallahi ba wanda ya taɓa cewa in tashi. Sai dai duk gefen da na sa hannu, gefen nan ya zama nawa ni kaɗai, har a siɗe tiren ba mai kai hannu wurin. Da na ga haka sai na daina zuwa. Matata ta rasu tun kafin a kawo ni nan, 'ya'yana mata suna gidajen aurensu a Katsina da Funtuwa. Maƙwabciyata a kwatas ke tuƙa mani tuwo da yamma, in ci rabi, in zo da rabi wurin aiki in ci shi da sanyinsa. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, ba zan ɓoye maku ba.

Baffa Ja'e shi ne maigadin rana. Dattijon Bafulatani ne, dogo siriri, da malafa da sanda, daga wata ruga ta wajen Yashe a ƙasar Kusada. Ɓarayi sun kwashe mashi yawancin shanunsa, ya bar wa 'ya'yansa sauran, ya zo gari ya kama gadi. Ɗiyarsa da ke aure a Kankiya ke aiko mashi tuwo a langa, kwanon ƙarfen nan mai fenti da murfi da kowane gida ke da shi. Kun san dattijan Fulani da kunyar ci. Baffa ba ya tauna komai a gaban mutane, balle a bakin get inda kowa ke wucewa. Wata rana na fito zubar da ruwa sai na same shi tsugune a lungun bayan ɗakina, ya fuskanci katanga, yana ci kamar marar gaskiya.

Na ce, "Baffa, shigo ciki mana. Nan ba mai zuwa."

Ya ce, "Shi ya sa na zaɓi wajen, Malam." Sannan ya ce, "Ba an ce akwai haske ciki ba?"

"In na kunna akwai, in na kashe babu."

"Kamar tocila?"

"Kamar tocila."

Ya rufe langarsa ya miƙe ya ce, "To, bismilla."

A ɗan ofishin nan da ke jikin ɗakin hoto muka riƙa shimfiɗa tabarma. Da farko baya yake ba ni. Daga baya ya koma ba ni gefe. Kafin damina ta zagayo mun koma juye abincinmu a kwano ɗaya, shi ta can ni ta nan, mu haɗu a tsakiya. Ba mai yawan magana ba ne. Wani lokaci har mu gama ba abin da ya ce sai sunan wata saniya da ya tuna. Amma duk safiya ina zuwa aiki da sanin cewa da azahar za a ƙwanƙwasa ƙofar nan da sanda, kuma wannan ya ishe ni.

Tun a lokacin nakan ga yana gutsurar loma ƙanana, yana bin kowace da ruwa. Ya taɓa dafa ƙirji ya ce mani tuwo na tsaya mashi nan. Na ce ya ga likita, na sake faɗa, na kuma faɗa. Ya ce basir ne, yana shan jiƙo. Ku ma kun sani, a ƙasar nan ba ciwon da ba a ɗora wa basir.

Ana nan sai aka kawo mana sabon babban likita, matashi mai son gyara. Shi ya zo da na'urar ɗumama abinci, maikirowef, ya ba ma'aikata kyauta, aka ajiye a ɗakin nas-nas. Ba ta daɗe ba saƙonnin waya suka fara yawo, wai tana sa ciwon daji, wai tana kashe mazakuta, wai abincin da ya shiga ya fito da guba. Metiran, shugabar nas-nas, ta sa aka kinkimo ta har ƙofata, ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam Isiya, ga 'yar'uwar injinka. Nan ne gidansu." Na yi dariya na karɓa. Dama layin sola ya biyo ta ofishina, ga ni da tuwon jiya kullum.

Ranar da na fara ɗumama mana, Baffa ya zagaya akwatin, ya shafa bayansa, ya leƙa ƙasansa, ya ce, "Malam, ina wutar?"

Na ce babu wuta. Na yi mashi bayani yadda zan yi maku yanzu, don wata rana za a tambaye ku. Duk abinci akwai ruwa a cikinsa, ruwan kuma tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace da kai da gindi kamar maganaɗisu. Akwatin yana sakin igiyoyi dangin na rediyo, su kuma suna juya ƙwayoyin nan gaba da baya, sau biliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Suna juyawa suna gugar juna, gugar ce ke zama zafi. Iyakar ƙarfin igiyoyin ke nan, su motsa ƙwaya, amma ba su iya fasa ta. Ragar da ke jikin gilashin ƙofar kuwa ramukanta sun yi masu ƙanƙanta, don tsawon kowace igiya ya fi faɗin tafin hannu, shi ya sa kai kana ganin ciki su ba su fitowa. Da an buɗe ƙofar na'urar ta tsaya, sun tafi, ba abin da ke saura cikin tuwo sai zafi.

Baffa ya saurara har na gama ya ce, "Ashe kaɗawa yake, kamar yadda mata ke kaɗa nono."

Na ce, "Ka gama magana, Baffa."

"To naka na ciki fa?"

Na ce nawa daban ne. Duk sunansu ɗaya a makaranta, radiyeshan, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Nawa ba kaɗawa yake ba, ratsawa yake, kuma yana iya tsinka abin da ke cikin ƙwayar jikin mutum. Kaɗan don hoto ba komai, amma ni da ke gabansa kullum dole in ɓuya bayan darma. Shi ma dai in an kashe ya tafi, ba ya maƙalewa a jiki ko a tufafi. Ya gyaɗa kai ya sa hannu a tuwon. Ya ji daɗinsa ƙwarai, don in na yayyafa ruwa na ɗumama yakan yi laushi ya wuce mashi da sauƙi.

Kullum ni ke juye abincin daga langarsa zuwa kwanon tangaran kafin in sa a akwatin, saboda ba a sa ƙarfe a ciki. Ni a wurina ƙa'idar aiki ce. Shi kuma, kamar yadda ya gaya mani daga baya, ya ɗauka girmamawa ce nake mashi, irin yadda ake juye wa baƙo abinci a kwanon kirki.

Ranar da nake ba ku labari, cikin damina ne, mota ta faɗi a babbar hanya aka kwaso mana mutane. Aka kira ni ɗakin gaggawa don a tsara wanda za a fara ɗauka. Baffa ya zo ya tarar ba na nan, ya jira har azahar ta gota. Da ya ga zai koma get da yunwa, sai ya ce bari ya yi da kansa, tunda ya ga inda nake murɗawa. Kunya ta hana shi ɓata mani tangaran alhali ba na nan, ya sa langar yadda take. Bakinta kuwa duk fentin ya ɓamɓare. Nan take tartsatsi ya tashi a ciki, shuɗi, yana ƙara tas-tas. Daidai lokacin Talatu, atanda mai tura keken majinyata, ta iso ƙofa da mutumin farko. Ta gani da idonta, ta saki keken ta koma da baya. Baffa ya buɗe ƙofar akwatin, abin ya tsaya, ya ɗauki tuwonsa ya ci a hakan.

Kafin la'asar duk asibiti ya ɗauka, wai akwatin mai haske ya yi aman wuta cikin abincin maigadi, kuma ya ci. Na bi mutane ina bayani. Na ce ƙarfe ne ya tara wutar a bakinsa ta yi tsalle, kamar yadda waya ke yi in ta taɓa kan batir, abin da zai iya lalacewa na'urar ce ba tuwon ba. Kowa ya ce to, yana ja da baya. Ban zargi Talatu ba. Abin da ta gani ta faɗa, kuma tartsatsi a cikin abinci ba abin da ido ke mantawa ba ne.

Kafin gero ya fitar da kai, Baffa ya daina iya haɗiye tuwo ko da an ɗumama. Ya koma kunu, kunun ma da ƙyar. Rigarsa ta yi mashi yawa. Wannan karon ban roƙe shi ba, na kama hannunsa na kai shi gaban babban likita. Likita ya duba ya rubuta hoton haɗiya. Yadda ake yinsa, ana ba mutum wani farin ruwa mai kauri da hasken ba ya ratsawa, yana haɗiya ana ɗauka, sai hanyar abincin ta fito fara a hoton. Ni na dama mashi, ni na tsayar da shi, ni na koma bayan bango na danna. Na ɗaga hoton na duba. Farin ya sauko da faɗinsa, ya zo tsakiyar ƙirji ya tsuke kamar zare, gefensa duk a ciccije. Na ga irinsa a baya, na san ko mene ne.

Likita ya kira ni gefe ya ce, "Malam Isiya, alamun daji ne. Abin nan ya daɗe yana girma, tun kafin in san zan zo garin nan." Ya ce sai an kai shi babban asibiti a Zariya a tabbatar, kuma mai yiwuwa gashi za a yi mashi. Gashi shi ne a tattara haske irin nawa, mai ƙarfi sosai, a auna shi daidai kan ƙarin don ya ƙone ya saki hanya. Ya ce in an yi sauri zai iya komawa cin abinci, in an bari yunwa ce za ta riga ciwon.

Babban ɗan Baffa, Haro, ya zo washegari. Tun daga get aka tare shi da labarin tartsatsi. Ya saurari likita cikin ladabi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, haske ya kwantar da shi, kuma ku ce a kai shi a ƙara mashi haske?" Ya ɗora mahaifinsa a babur suka koma ruga. Ko sallama ban samu yi da shi ba, ina ciki ina ɗaukar wani.

Kwanakin nan azahar ta yi mani tsawo. In ɗumama tuwo, ƙararrawar akwatin ta buga, in zauna ina kallon ƙofa. Gindin darbejiya kuwa in na wuce hira takan tsaya. Metiran ta ce a fitar da na'urar a ƙone. Likita ya hana, ya kira ni ofis ya ce, "Ni sun ji maganata sun ajiye. Kai ne abokin cin abincinsa, ko za ka gwada?" Na ce, "Yallaɓai, ai ni suke tuhuma." Ya ce, "Na sani. Amma ba ni da wani." Abin da ke gabana ɗaya ne, a bar Baffa ya je Zariya tun yana iya haɗiye ruwa.

Ranar Asabar na hau ɗan acaba muka bi ta Kusada, muka yanki hanyar gona wajen Yashe, gero ya fi mu tsawo dama da hagu. Mun isa rugar da hantsi. An amsa mani sallama yadda ya kamata, an tambayi gajiya da iyali, ba abin da aka rage. Sai dai tabarmar da aka shimfiɗa mani tana can gindin wata bishiya, nesa da bukkoki, kuma na ji wata mata tana kiran yara su shige. Matar Haro ta kawo mani fura da nono. Ba ta miƙa mani ba, ta ajiye a ƙasa ta ja da baya. Na dubi ƙwaryar, tsohuwa ce, ta tsage an ɗinke ta, ludayin ma bakinsa ya guntule. Fulani ba su ba baƙo nono a irin wannan. Na gane ƙwaryar da za a jefar ce bayan na tafi. Raina ya sosu ƙwarai, har na ji kamar in tashi. Amma na yi bismilla na sha, don ba domin kaina na zo ba.

Haro ya zo ya zauna da ƙannen mahaifinsa da wani surukin gidan, suka bar fili tsakaninmu. Na yi masu bayanin nan kaf, ƙwayoyin ruwa da raga da bakin langa. Na ce irin wannan ƙarin ba a wata ɗaya ko biyu yake girma ba. Haro ba wawa ba ne, kuma ba mugu ba ne, ɗa ne mai tsoron rasa uba. Ya ce, "Malam, mun ji kai da kanka rigar darma kake sawa. In abin ba ya cuta, mi ya sa kake ɓuya?"

Na ce, "Na ɗakina yana cuta in ya yi yawa, shi nake ɓuyar wa. Na akwatin wani iri ne daban, zafi kawai yake yi. Kuma duk cikinsu ba wanda ke zama a abinci ko a jikin mutum. Da yana zama, ai da ni nan da kuke gani na cika da shi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi muke gudu ai."

Daga nan maganata ta ƙare. Duk karatun da na yi ban ga abin da zan ɗora a kan wannan ba. Shanu na ta kuka can bayan shinge.

Sai ga Baffa ya fito daga bukka, yana dogara sandarsa, ya rame har na kusa kasa gane shi. Ashe duk yana ji. Suka tashi za su tare shi, ya ɗaga masu hannu. Ya tako a hankali, ya wuce inda suke, ya zo ya zauna a kan tabarmata, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Ya ce, "Malam, ka sha hanya." Sannan ya nuna ƙwaryar ya ce, "Miƙo mani."

Haro ya ce, "Baffa, bari a kawo maka wata."

"Wagga nake so."

Na tura mashi. Ya ɗauki ludayin da na sha da shi, ya ɗebo, ya kai baki. Ku tuna ko wane ne wannan. Mutumin da ke fuskantar katanga don kada baƙo ya ga yana tauna, ga shi yana sha a gaban ɗansa na fari, da ƙannensa, da surukinsa, mata kuma suna leƙe daga bukka. Na tabbata wasunsu tun da aka haife su ba su taɓa ganin haka ba. Nonon ya ƙi wucewa, ya tsaya yana kokawa da shi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, wani ya dawo ya zubo mashi a gemu. Ya share da hannun riga, ya sake ɗebowa. Mazan nan duk suka dubi ƙasa, surukin ma ya juya baya gaba ɗaya. Ni kaina hawaye suka zo mani, na bar su.

Da ya samu ya haɗiye sai ya ajiye ludayin ya ce, "Tun bara nake ci da mutumen nan kwano ɗaya. Ciwon nan ya riga akwatin zuwa, ni na sani, tun ana girbin bara tuwo ke tsaya mani. Ɓoyewa na yi. Shi kuwa ya sha ce mani in ga likita." Ya huta. Kun san Fulani ba su kiran sunan ɗan fari, don haka sai ya dubi ƙanensa ya ce, "A gaya wa wancan ya nemo mota."

Cikin makon suka tafi Zariya.

Zan so in ce maku ya warke, amma ba haka aka yi ba. Can suka tabbatar daji ne, kuma ya yi nisa. An yi mashi gashin, ƙarin ya saki, ya dawo ruga yana shan kunu da nono ba tare da kokawa ba, har an ce ya ci ɗan dambu. Ya ga an shigar da amfanin gona, ya ga wata karsanarsa ta haihu. Na je na gan shi sau ɗaya, a tabarmar nan dai ta gindin bishiya, ya tambaye ni ko akwatin na nan, na ce yana nan. Bayan an gama girbi Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya aiko mani. Daga bakin sabon maigadi na ji, bayan an yi sadakar uku. Na shiga ɗakin hoto na rufe ƙofa na kunna jar fitila, don na san muddin tana ci ba mai shigowa.

Bayan wasu makonni na ji an yi sallama a baranda. Haro ne, ya tsaya nesa da ƙofa, riƙe da abu a ƙunshe cikin tsumma. Na yi mashi ta'aziyya, ya amsa, ya yi mani godiya. Na ce ya shigo, ya ce shanu na jiransa. Ya ajiye ƙunshin a kan bencin majinyata ya ce, "Wagga taka ce, Malam." Ya tafi. Na buɗe, ƙwaryar ce da ludayinta, an wanke su tas. Har yau ban sani ba ko wasiyya Baffa ya bari a kawo mani, ko kuwa ba mai son sha a cikinta ne a rugar. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

To, ga abin da na koya, ku riƙe. In an tambaye ku ko akwatin nan na cuta, ku ce ba ya cuta muddin ƙofarsa na rufuwa da kyau. Kada a sa ƙarfe, kada a sa ƙwai da ɓawonsa, a juya abinci kafin a ci don wani wuri yakan fi wani zafi. Wannan gaskiya ce, kuma ita na faɗa a rugar nan ba ragi. Amma ba ita ta kai Baffa Zariya ba. Mutanenmu ba ƙin ilimi suke ba, suna duba wanda ya kawo shi ne, ko sun taɓa haɗa hannu da shi a kwano. Mu kuma aikinmu ya koya mana tsayawa bayan bango, har mu saba, mu manta fitowa. Don haka in azahar ta yi ku je gindin darbejiya. Ko an bar maku gefenku ku zauna ku ci, gobe ma ku koma. Wata rana za ku buƙaci su yarda da maganarku a kan ran wani, kuma ranar ba za a fara sabo ba.

Ni dai na tsufa a ɗakin nan. Akwatin ga shi can yana aiki, yanzu har wasu nas-nas sukan aiko a ɗumama masu, ko da yake ba su zuwa da kansu. Ku tashi ku tafi, lokacin abinci ya yi. Ni zan juye nawa a tangaran in ɗumama, in ajiye shi tsakiyar tabarma yadda na saba. Sau da yawa sai na wanke hannu nake lura gefena kawai na ci, na bar ɗayan.